Ƙuri'ar Famfo a Kwaciri

Ni tela ne, ɗan tela. Kakana ya zo Kano daga Barno da fataken kanwa, ya ga Fagge ta yi masa, ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. A Kwaciri aka haife ni, kuma a nan nake da shago a ƙarshen shekarun hamsin, lokacin da aka fara shirin babban zaɓen da ya zo gab da samun mulkin kai. Ina da shekara talatin da 'yan kai, da iyali, da keken ɗinki na ƙafa wanda in na taka shi sai maƙwabta sun sani.

Ban yi boko da ƙuruciya ba. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan la'asar a zauren wani maƙwabcinmu. Malamin ajin siriri ne mai sanyin murya, ba ya neman gardama, amma ban taɓa ganin an kayar da shi a cikinta ba. Da muka iya haɗa baƙi sai ya riƙa kawo mana jarida. Daga karatu sai muhawara, daga muhawara sai muka wayi gari mun zama ƙungiya. Ba jam'iyya ba ce. A cikinmu akwai mai bin wannan, akwai mai bin waccan, akwai wanda duk bai yarda da su ba. Abu ɗaya muka haɗu a kai: duk wanda doka ta ba ƙuri'a a unguwarmu ya san yana da ita, ya san yadda ake jefa ta. Wanda zai ba kuwa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa.

Malam ya warware mana dokar dalla-dalla. Duk namijin da ya kai shekarun da aka yanka zai je a rubuta sunansa a inda yake zaune. Ran zaɓe a ba shi takarda, ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya jefa a akwatin da ke ɗauke da alamar wanda yake so, ya fito. Muka haddace, muka bazu. Ni aka ba majalisun teloli da 'yan dakon tashar jirgi.

Ba mu yi kasuwa ba. Mutanenmu sun saba da zaɓen ɗaga hannu a bainar jama'a, mai gidan da kake haya yana tsaye yana kallon hannunka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Ga kuma jita-jita da ba a san mai ita ba. Wasu suka ce rubuta suna dabarar ƙarin haraji ce. Wasu suka ce soja za a ɗiba. Wadda ta fi kama zukata ita ce ta madubi: wai a cikin kowane akwati akwai madubin da ke riƙe fuskar wanda ya leƙa, in an buɗe sai a ga kowa da inda ya jefa.

Wani ɗan dako da nake yi wa ɗinki, ƙaƙƙarfan mutum mai ɗaukar buhun gyaɗa kamar matashi, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Tela, kai gidan ubanka kake. Ni ɗakin Alhaji mai goro nake haya. In madubin nan ya nuna ni, kai za ka ba ni wurin kwana?”

Na ce babu wani madubi. Ya ce, “Ka shiga ka gani?”

Ban shiga ba.

Da na kai wa Malam wannan magana, sai ya murza gemunsa. Ya ce, “Gaskiyarsa. Gani ya kori ji. Mu daina faɗa musu, mu nuna musu.”

A daidai lokacin unguwarmu tana cikin wata rigima ta daban. Hukuma ta yarda za a kafa mana famfo guda ɗaya, aka bar wa mai unguwa ya faɗi wuri. Wasu na so a kafa shi a jikin masallaci, wanda yake daura da gidan Alhaji mai goro, attajirin da rabin 'yan hayar unguwa a gidajensa suke. Wasu na so a kai shi gindin durumin da ke tsakiyar lunguna, inda ya fi kusa da yawancin gidaje. Mai unguwa dattijo ne mai gudun ɓacin rai. Ya ƙi yankewa, ma'aikatan ruwa kuma suka ce in ba a shirya ba za su wuce wata unguwa.

Muka je gare shi, muka zube muka yi gaisuwa. Malam ya ce, “Ranka ya daɗe, ka ba mu aron rigimar nan. Mu yi mata ƙuri'a irin wadda za a yi ran zaɓe. Jama'a su koyi jefawa, kai kuma ka huta, babu mai cewa kai ka zaɓa.”

Mai unguwa ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “In aka yi faɗa fa?”

“Mu za mu amsa, ranka ya daɗe.”

“Ba tuta, ba waƙar jam'iyya?”

“Ko ɗaya.”

Shi da kansa ya je ya nemo mana izinin taro. Ina jin murnar sauke wannan kaya daga kansa ce ta ba ƙafarsa sauri.

Sai maganar akwati. Malam ya ce ba zai yi da kwali ko garwa ba, sai akwatin katako sosai mai murfi da kwaɗo, don abin da ido zai gani ran zaɓe ya zama ya riga ya gan shi. Akwai wani kafinta Ibo a Sabon Gari, bayan kasuwa, wanda ya yi mini teburin yanka tun ina sabon buɗe shago. Tun tarzomar da aka yi tsakanin Fagge da Sabon Gari 'yan shekaru kafin nan ban sake taka shagonsa ba. Ba faɗa muka yi ba. Nauyi ne kawai, don na ji labarin shagonsa na farko ya ƙone a wannan fitina, kuma daga ɓangarenmu wutar ta zo. Na tafi ina shirya maganar da zan fara da ita.

Ashe ba na buƙatarta. Yana ganina ya ajiye zarto ya ce, “Tela! Teburin ya karye ne, ko sai yau ka tuna hanya?”

Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni, don tun yana yaro aka kawo shi. Na zauna a kan wani gungume na yi masa bayani. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan zaɓe a garinsu lokacin da ya je ganin gida, ya san fasalin akwatin. Sannan ya ce, “Zan yi, kuma katakon nawa ne. Amma in kun gama da Fagge ku zo nan. Mutanenmu da yawa sun ɗauka baƙo ba shi da ƙuri'a a Kano. Ni 'ya'yana duk a nan aka yanke musu cibiya, wai ni baƙo.”

Na ce na ɗauki alkawari a madadin ƙungiya. Daga ranar ya zama namu, yana zuwa zauren a kan kekensa, fensir a bayan kunne.

Ni kuma na ɗinka labulen ɗakin ƙuri'a. Na haɗa ragowar yaduddukan shagona da na abokan sana'a, na ninka shi biyu don ko inuwa kada ta fito. Alama kuwa, muka guji duk abin da ya yi kama da ta wata jam'iyya. Akwatin masallaci aka zana masa buta, na gindin durumi aka zana masa tulu.

Alhaji mai goro bai zauna ba. Ya bi gidajensa ɗaki ɗaki. Ba ya zagi, ba ya tsawa, sai dai ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi lafiyar iyali, ya ce, “To, ran Lahadi buta ce ko?” Kowa ya ce buta ce, Alhaji. Ya zo shagona ma, ya zauna a benci yana ɓare goro, ya ce, “Ɗan nan, ku yi ta wahala da labulenku. Labarin zuciya a tambayi fuska. Duk wanda ya fito, ina dubansa na san inda ya jefa.”

Ran Lahadi bayan azahar muka kafa ɗakin a filin da ke gaban gidan mai unguwa. Mun zaɓi ranar ce don ma'aikatan jirgi suna hutu, kafinta kuma ya taso daga coci. Jama'a suka cika, amma nesa-nesa, kamar masu kallon mai wasa da kura. Kafinta ya ɗauko akwatin farko ya buɗe, ya kife shi, ya bubbuga gindinsa, ya ɗaga sama rana ta shiga ciki.

Ya ce, “Mai neman madubi ya matso ya duba.”

Ba wanda ya motsa, sai wani tsoho mai gyaran takalma. Ya zura hannu ya shafa kowace kusurwa, ya zura kai, har ya shinshina. Ya ɗago ya ce, “Ƙanshin katako kawai.” Aka kwashe da dariya, dariyar kuma ita ta jawo mutane kusa. Akwatunan suka zaga hannu hannu. Da suka dawo aka rufe su a gaban kowa, aka ɗaura kwaɗo, aka miƙa wa mai unguwa mabuɗai.

Ana shirin fara layi sai ga gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke sayar da waina a bakin tasha tun ban san kaina ba. Ba ita kaɗai ba ce. Bayanta tsofaffi ne da masu tuwo da masu ƙosai, wasu da tulunansu a ka kamar rijiya za su. Ta wuce kowa ta tsaya gaban teburin da nake raba takardu.

Ta ce, “Ɗan nan, ba ni tawa.”

Na dubi Malam. Kafin ya yi magana Alhaji ya matso ya ce, “Ai kai ka ce da bakinka, Malam, doka ba ta ba mata ƙuri'a ba.”

Malam ya ce, “Haka ne, Alhaji. A zaɓen gwamnati a nan Arewa ba ta ba su ba, ko da yake ban ce ta kyauta ba. Amma wannan na famfo ne. Dokarsa tana hannun mai unguwa.”

Duk ido ya koma kan dattijon da ya zo nan don gudun yanke hukunci. Gwaggo ba ta jira ba. Ta rusuna ta ce, “Ranka ya daɗe, tun kana saurayi nake ɗibar ruwa a unguwar nan. Ka taɓa ganin ɗaya daga cikin waɗannan masu manyan rigunan da tulu a ka?”

Mai unguwa ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ya ce, “A ba su.”

Guɗar da aka rangaɗa a wurin nan, na tabbata an ji ta a tasha.

Aka yi layi biyu. Mutum ya karɓi takarda a wurina, ya ɗaga labule, ya ɓace, ya fito. Na farkon sukan fito suna waige-waige kamar waɗanda suka yi ɓarna. Wani ya fito da takardarsa a hannu ya ce ya manta abin da aka ce ya yi, aka sake masa bayani ya koma. Wani ya daɗe a ciki har aka fara tari, da ya fito ya ce addu'a ya tsaya yi. Alhaji ya sa an kawo masa kujera daidai bakin labule, yana ƙare wa kowa kallo. Da ɗan dakon nan ya zo, na miƙa masa takardarsa. Ya shiga. Ya fito ya gaida Alhaji da ladabi, fuskarsa kamar bangon da aka yi wa sabon yaɓe, ba abin da za ka karanta a kai.

Kafin la'asar ta yi sanyi aka gama. Aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar fili, mai unguwa ya buɗe kwaɗo, kafinta ya zazzage. Ba a ma buƙaci ƙidaya ba, ko da yake an yi ta da ƙarfi kowa na ji. Tsibin takardun tulu ya yi tozo, na buta kuwa ɗan tafin hannu.

Alhaji ya ce, “Matan nan ne.”

Malam ya ce a hankali, “Alhaji, dubi tsibin buta da kyau. Mazan da ke gidajenka kaɗai ba su fi wannan yawa ba?”

Alhaji ya duba. Ya juya ya dubi 'yan hayarsa, suna tsaye gungu guda. Ya nuna ɗaya. “Kai, ina ka jefa?”

“Inda zuciyata ta kwanta, Alhaji.”

“Kai fa?” Ya nuna ɗan dako.

Ɗan dako ya ce, “Alhaji, ai ka ce fuska za ka tambaya. Ga ta.”

Na san da wurin kwanansa mutumin nan ya yi kasada. Alhaji ya zuba masa ido, ya koma kan na kusa da shi, ya bi su ɗaya ɗaya har ƙarshe. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya yi dariya har ya dafa kujera, yana cewa, “Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba! Wallahi ban san ko ɗaya ba. Duk kun ci ni, kuma ban san wanda zan kama ba.”

Wannan maganar ta Alhaji ta yi mana aikin da bakinmu ya kasa. Kafin magariba ta zaga Fagge. Washegari 'yan dako na maimaita ta a tasha, ana ƙara mata gishiri. In attajirin da ya zauna a bakin labule bai gane komai ba, wa zai gane? A makon nan masu rubuta suna suka ga layin da ba su taɓa gani ba a unguwarmu. Mu kuma muka tsaya a gefe muna amsa tambayoyi, muna kwantar wa mai tsoron haraji hankali, muna raka tsofaffi. Alhaji bai kori kowa ba. Da aka zo haƙa ramin famfo a gindin durumi, shi ya aiko wa ma'aikata da goro.

Muka cika wa kafinta alkawari. Muka ɗora akwatunan a kan amalanke muka tura har Sabon Gari, muka kafa labule a wani fili kusa da kasuwa. Can ba famfo ba ne, gardama ce a kan ranar da za a riƙa share kwatar layin. Malam na bayani da Hausa, kafinta na juyawa da harshensu, wani mai ɗaukar hoto Bayarabe na juyawa da nasu. Wata mata mai sayar da garin rogo ta kawo mana ruwan sha a kwanon da ta wanke a gabanmu. 'Yan ƙungiyarmu da suka yi shekaru ba su tsallaka titin da ya raba Fagge da Sabon Gari ba sai don cefane suka zauna har yamma ana hira. Daga nan mahauta suka aiko a kai musu akwatunan, sai masu gyaran keke, sai wata unguwa da ban taɓa shiga ba. Labulen ya sha hannu har sai da na yi masa faci.

Ran babban zaɓen na fito bayan sallar asuba ina tsammanin zan riga kowa. Na tarar layi ya riga ya sha kwana ya bi bayan katangar makarantar da aka kafa ɗakin ƙuri'a. Ba hayaniya. Kowa da katin da aka ba shi ran rubuta suna a hannu ko a soke a hula. Masu aikin zaɓen da aka turo daga wani wuri suka yi ta mamakin yadda ba sa maimaita bayani. Ɗaya ya tambayi wani tsoho ko ya gane yadda ake yi, tsohon ya ce, “Yaro, ba ni takarda kawai.” Mu 'yan ƙungiya muka jefa namu da wuri, muka koma can nesa inda doka ta yarda a tsaya, muna nuna wa mutane layinsu. Gwaggo ta kafa tandarta a ƙetaren titi. Duk wanda ya zo sayen waina sai ta ce masa ya jefa da hankali, don yana riƙe da ƙuri'arta ne aro kafin ta mata ta zo.

Da rana ta yi ƙasa layi ya ragu, aka fara maganar rufewa. Sai muka ji kukan jirgin Nguru yana shigowa tasha, ya makara kamar yadda ya saba. Akwai wani maƙwabcinmu mai zuba gawayi a injin jirgi, wanda aiki ya tafi da shi tun jajibiri, ya tafi yana ƙorafin cewa za a yi zaɓen babu shi. Ba a jima ba muka hango shi ya taso daga wajen tasha da gudu, baƙi ƙirin da gawayi tun daga hula har ƙafa, idanu kawai ke haske, yana ɗaga kati sama.

Wani ya yi ihu, “Ku ba shi hanya!”

'Yan kallo suka dare gida biyu. Kafinta, wanda ya jefa tasa a Sabon Gari ya zo ganin tamu, ya tare shi da keke ya ce ya hau baya, ya taka da shi ragowar tafiyar, yara na bin su da tafi. Ya dira a bakin ƙofa yana haki. Babban ma'aikacin ya dubi agogo, ya dubi mutumin, ya ce har yanzu da sauran lokaci. Ya karɓi katin da yatsu biyu saboda baƙin da ke jikinsa, ya duba suna, ya miƙa masa takarda.

Da ya fito, sai ya tsaya a kan dakali ya ɗaga hannuwansa biyu sama, fili ya ɗauki kabbara da sowa. Malam, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana cikin masu ihu. Muka rungume mutumin nan ɗaya bayan ɗaya, duk fararen rigunanmu suka yi dabbare-dabbare da gawayi, ba wanda ya damu. Haka muka rako shi har ƙofar gida, ana kiran sallar magariba.